FULAWAR BIKI DA AMANAR ƘASA: NASIHA GA IYAYEN AMARE

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya saukar da ruwa daga sama, Ya fitar da tsirrai masu launi daban-daban domin amfaninmu da na dabbobinmu. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Nasiharmu ta wannan fitowa ta shafi wani abu ne da yawancinmu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, wato ƙawata wurin biki da ake kira dikoreshon. Da zarar an kawar da amfanin gona, ko kuma azumi ya ƙarato, sai bukukuwa su kankama. To a 'yan shekarun nan, duk bikin da kika leƙa, tun daga cikin Gusau har Tsafe da Bungudu da Kwatarkwashi, kai har Magami da garuruwan da ke kan hanyar Ɗansadau, za ki tarar da abu kusan iri ɗaya: kanofi, da kujerar amarya mai kama da gadon sarauta, da labule mai ƙyalli a bayanta, da fulawar roba jibgi guda, da balan-balan kamar an yi ruwansu. Abin da aka yi a Abuja bana, shi ake kwaikwayo a Gusau baɗi, sannan ya iso ƙauyukanmu baɗin baɗaɗa, ga shi yanzu waya ta rage nisan tafiyar.

Tambayoyi uku nake so mu yi wa kanmu tsakani da Allah. Daga ina waɗannan kaya suke zuwa? Ina suke zuwa idan an watse? Kuma wa ke ɗaukar nauyinsu, duniya da lahira?

ADO BA HARAMUN BA NE

Kafin mu je ko'ina, bari mu fara share wata fahimta, don kada wata ta ce ai malamai ba sa son a yi farin ciki. Musulunci bai hana ado ba. A cikin Suratul A'araf aya ta 32 Allah (SWT) Ya yi inkari ga duk wanda ya haramta ƙawar da Ya fitar domin bayinSa. A Suratun Namli aya ta 60 kuwa, Ya ambaci lambuna masu ban sha'awa a cikin ni'imomin da Ya yi mana, waɗanda mu da kanmu ba mu isa mu tsirar da itatuwansu ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa Allah Mai kyau ne, kuma Yana son kyau. Haka nan ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya hana a mayar da kyautar raihani, domin ba shi da nauyin ɗauka, ga shi da daɗin ƙamshi. Raihani kuwa shi ne tsiro mai ƙamshi, irin ɗoɗɗoyar da ke bayan ɗakunanmu.

Gyaran amarya ma yana da asali. Asma'u 'yar Yazidu (RA) ita ce ta yi wa Nana A'isha (RA) kwalliya lokacin tarewarta, Ummu Sulaim (RA) kuma ita ta shirya Nana Safiyya (RA). Da Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya yi aure, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko sun tanadi shimfiɗu na ƙawa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Saboda haka mai ƙunshi da mai kwalliya da mai gyara wurin taro duk sana'ar halal suke yi, matuƙar sun tsaya a kan iyaka. Maganarmu a kan iyakar take.

DAGA INA FULAWAR TAKE?

Fulawar da muka fi gani iri biyu ce. Ta farko ita ce ta roba, wadda akasarinta daga ƙasar Sin ake shigo da ita. Da roba da zaren leda da waya ake yin ta, asalin robar kuwa daga man fetur ne. Ba ta ƙamshi, zuma ba ta sauka a kanta, akuya ba ta amfana da ita, idan kuma ta koɗe aka jefar, ƙasa ba ta cin ta. Yarinyar da aka yi wa bikin za ta haifi ɗiya, ɗiyar ta girma a yi nata bikin, guntayen robar nan suna nan a cikin ƙasa.

Ta biyu ita ce ɗanyar fulawa da masu hali ke sa a kawo musu a manyan birane. Mai yawa daga cikinta daga Kenya da Habasha ake ɗauko ta a jirgin sama, a cikin sanyi, don kada ta yi yaushi. A Kenya, gonakin fulawa sun taru ne a gefen tafkin Naibasha. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya ƙiyasta cewa furen wardi ƙwaya ɗaya tak da aka noma a can yana cin ruwa lita 7 zuwa 13 kafin a tsinke shi. Yi lissafi da kanki. Idan aka ƙawata zauren taro da fure 500, an sha ruwa lita 3,500 zuwa 6,500 ke nan, wato jarka 140 zuwa 260 ta mai lita 25. Ke da kika san yadda ake jiran 'yan ga-ruwa a Gusau da bazara, kin san darajar jarka ɗaya. Ba mu ce noman fulawa laifi ba ne, mutane da yawa a can da shi suke ci da iyalansu. Abin dubawa shi ne a ɗauko abu daga wata uwa duniya da kuɗi mai yawa, a kalle shi na awa huɗu, kashegari a share shi zuwa bola.

Akwai kuma wani koren soso da ake soka furanni a jikinsa don su tsaya. An ƙirƙiro shi a Amurka a 1954. Ganinsa kamar abu mai laushi mara cutarwa, alhali roba ce tsantsa, da an murza ta sai ta zama gari, garin ya bi ruwa, ƙananan halittun ruwa su haɗiye. Saboda haka ne babbar ƙungiyar masu lambu ta Ingila ta hana amfani da shi a wuraren baje kolin furanninta tun daga 2021. To 'yar'uwa, waɗanda muke kwaikwayo sun fara ja da baya, mu kuma yanzu muke ɗaura ɗamarar shiga.

INA TAKE ZUWA IDAN AN WATSE?

Ki fita da sassafe kashegarin biki ki dubi ƙofar gidan. Fasassun balan-balan, guntayen fulawa, ledar fiya wata, ledar da aka ƙulla tuwo da alale, robar tekawe, duk ga su nan birjik. Hanya huɗu suke bi, kuma kowace hanya gidanmu take dawowa.

Ta farko, cikin dabba. Akuya da tunkiya da saniya suna jin ƙamshin mai da gishiri a jikin leda sai su haɗiye. Ledar ba ta narkewa, sai ta dunƙule a cikin tumbi, dabba ta daina cin abinci, ta dinga ramewa cikinta na kumbura har ta mutu. Tambayi mahauta, su ne shaidar irin ƙullin ledar da suke cirowa. Akuyar nan kuwa ta wace ce? Sau da yawa ta wata bazawara ce ko tsohuwa, wadda ita ce asusunta na ranar ciwo da na kayan ɗakin ɗiyarta.

Ta biyu, magudanar ruwa. Leda ta toshe kwata, damina ta zo ruwa ya rasa hanya, ya kwanta ya zama gidan sauro, ko ya jiƙa gindin katangar ƙasa ta zube. Zazzaɓin cizon sauron da ke kwantar da 'ya'yanmu ba ya tambayar wa ya yi biki.

Ta uku, wuta. Wasu su tara sharar su cinna mata wuta, wasunmu ma da leda muke hura murhu. Baƙin hayaƙin nan mai ɗoyi guba ne ga ƙirji, ballantana ga goyon da ke bayanki da tsohuwa mai tari.

Ta huɗu, gona. Mu mutanen karkara ne, mun san da bazara ake kwashe bola a kai gona a matsayin taki. A da bola toka ce da kashin dabbobi da ɓawo, duk abin da ƙasa ke so. Yau rabinta leda ce. Ta kwanta a cikin kunya, ta tare ruwa, ta tare saiwa. Ga shi kuma saboda halin rashin tsaro da ya addabi yankinmu, gonakin nesa da yawa ba sa nomuwa, na kusa da gari su aka dogara da su. Su ne kuma muke binne wa leda da hannunmu.

Allah (SWT) Ya gaya mana a Suratur Rum aya ta 41 cewa ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa sakamakon aikin hannun mutane ce, kuma Yana ɗanɗana musu wani sashe na abin da suka aikata ko sa dawo kan hanya. A Suratul A'araf aya ta 56 kuma Ya hana mu yin ɓarna a bayan ƙasa bayan an gyara ta. Hukumomi a wasu wurare sun riga sun farga: Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, Jihar Legas kuma ta hana farar robar tekawe mai kama da soso a watan Janairun 2024. Amma Musulma ba sai ta jira doka ba. Tana da ƙa'idar da Annabi (SAW) ya kafa, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, kuma ita ce hadisi na 32 a Arba'una Hadisi da muke karantawa a Islamiyya, wadda ta hana cuta da cutarwa. Idan kawar da abin cutarwa daga hanya yanki ne na imani, kamar yadda Muslim ya ruwaito, to mene ne matsayin wadda ta zuba shi?

DARASI DAGA ƊAKIN NANA A'ISHA

Akwai wata ƙissa a Sahihu Muslim da ya kamata kowace uwar amarya ta riƙe. Manzon Allah (SAW) ya yi tafiya, sai Nana A'isha (RA) ta ɗauki wani ƙyalle na ƙawa ta rataya a ƙofa. Da ya dawo ya gani, sai ta ga alamar rashin jin daɗi a fuskarsa. Ya fizge ƙyallen, ya nuna mata cewa Allah bai umarce mu da tufatar da duwatsu da laka ba. To me uwar muminai ta yi? Ba ta jefar da shi ba. Ta yanka shi ta ɗinka matasan kai guda biyu, ta cusa musu zaren dabino, kuma Annabi (SAW) bai aibata mata hakan ba. Dubi hikima! Ƙyalle ɗaya ne, da yake a bango don kallo kawai an ƙi shi, da ya koma abin amfani an karɓe shi.

Haka nan Bukhari ya kawo labarin Abu Ayyubal Ansari (RA), da Abdullahi ɗan Umar (RA) ya gayyace shi walima. Da ya shiga ya ga an lulluɓe bango da yadi, sai Ibnu Umar ya ba shi uzuri da cewa mata ne suka rinjaye su. Abu Ayyuba ya nuna masa cewa ko da zai ji wa kowa tsoron haka, bai zaci zai same shi a gidansa ba, ya juya bai ci abincin ba. Malamai irin su Imamun Nawawi sun ce lulluɓe bango makaruhi ne, bai kai haramun ba, don haka ba za mu tsananta abin da shari'a ba ta tsananta ba. Amma ki lura da uzurin Ibnu Umar. Tun zamanin sahabbai an san cewa sha'anin biki a hannunmu yake, mu mata. Maigida sai dai ya ba da kuɗi ya yi gunaguni. Tunda rinjayen namu ne, gyaran ma namu ne, tambayar ranar ƙiyama ma tamu ce.

Malamai sun bambanta israfi da tabziri. Israfi shi ne wuce iyaka a cikin abin da yake halal, tabziri kuwa kashe dukiya inda bai dace ba. Na farko Allah Ya ce ba Ya son masu yin sa, a Suratul A'araf aya ta 31. Na biyu kuwa Ya kira masu yin sa 'yan'uwan shaiɗanu, a Suratul Isra'i aya ta 27. Bayin Allah na gari kuma Ya siffanta su a Suratul Furƙan aya ta 67 da tsayawa tsakanin almubazzaranci da ƙwauro. Yanzu ki auna: a sayar da tunkiya, ko a ɗauki adashi tun kafin zubi ya yi nisa, ko a ci bashi, don a biya kayan da za a kwance kafin sallar Isha'i. A wane ɓangare wannan ya faɗa?

Kada mu manta da maƙwabta. A farkon 2024 an ɗaura auren 'yan mata marayu 105 a Bungudu, waɗanda da yawansu 'yan bindiga ne suka raba su da iyayensu, sai da wani ɗan majalisa ya ɗauki nauyin kayan ɗakinsu. Irinsu nawa ne ke zaune a gidajen 'yan'uwa a Gusau da Tsafe, ga manema amma babu katifa? Duk lokacin da mai hali ta ɗaga ma'aunin biki, talaka ce ke shan wahalar kamo shi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mafi alherin aure shi ne mafi sauƙinsa. Walimar Nana Safiyya (RA), a kan hanyar dawowa daga Khaibara, babu gurasa babu nama: an shimfiɗa buzaye, kowa ya kawo abin da yake da shi na dabino da cuku da man shanu. Kayan ɗakin Nana Faɗima (RA) kuwa bargo ne da salkar ruwa da matashi mai cushen ciyawa. Wace ɗiya ce ta fi su daraja?

FULAWAR DA KE HANNUN AMARYA

Akwai wata fulawar kuma da ake zanawa a fatar amarya. Lalle na gaskiya ganye ne, ja yake yi ko ja mai duhu, kuma yana ɗaukar sa'o'i kafin ya kama. Salma (RA), hadimar Manzon Allah (SAW), ta ba da labarin cewa yakan sa a ɗora lalle a kan rauni. Amma baƙin da ake kira dayis, wanda ke kamawa nan take, sau da yawa yana ɗauke da wani sinadarin rinin gashi mai suna PPD. Likitocin fata sun tabbatar yana jawo wa wasu ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje masu ruwa, ya bar tabo daidai siffar zanen, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa takan zauna da wannan matsala har abada. Jiki amana ne kamar yadda ƙasa take amana. Ki tambayi mai ƙunshi abin da ta haɗa, hakkinki ne. Kakanninmu da zunguru da ganye suke ƙunshi, ba su bar tulin leda da salatif a bayan ɗaki ba, amarensu kuma ba su rasa kyau ba.

ABIN DA ALLAH YA HORE MANA

Wata za ta ce, to mu da ba mu da wardi da me za mu yi ado? Ki ɗaga kai ki duba. Itacen lalle kansa yana fitar da ƙananan furanni masu ƙamshin da turaren kanti bai kai su ba, har Ibnul Ƙayyim ya ambace su a cikin littafinsa Zadul Ma'ad a jerin furanni mafiya daɗin ƙamshi. Zogale na da farin fure. Gurjiya takan yi ja wur da hunturu, lokacin da ba ta da ganye ko ɗaya. Marga takan zubo da furanni rawaya da bazara, darbejiya ma a lokacin take cika unguwa da ƙamshi. Da damina ga bado a tafki. Ga ɗoɗɗoya da na'ana'a da za a iya shukawa a fasasshiyar tukunya. Ga kajiji na turaren wuta. Ga tabarmar kaba mai rini, da faifai, da ƙwarya mai zane, da zanan gamba, da farin saƙi da luru. Waɗannan duk idan sun tsufa ƙasa suke komawa, kuɗinsu kuma a hannun maƙwabciyarki mai saƙa yake tsayawa.

Ki tuna da jeren iyayenmu. Tasoshi da kwanoni da fanteka da ake jerawa a ɗakin amarya ado ne, amma kuma dukiya ce. Shekara goma suna nan, ranar da ta shiga matsi ta ɗauki ɗaya ta sayar, ranar aurar da ɗiya ta rage mata. Adonsu yana zama ne tare da amarya. Namu na yau da mai haya yake tafiya, ya bar mu da hoto da bashi.

Sai dai a yi hattara, kada garin gyaran gira a rasa ido. Ba a ce a tura yara su farfashe rassan itatuwa ba. Furen ɗorawa da na mangwaro da na zogale su ne 'ya'yan gobe, idan an tsinke su duka an tsinke abinci. A ɗebi kaɗan, da izinin mai itace. Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya sare magarya, ya kuma yi bayanin cewa ana nufin wadda matafiya da dabbobi ke shan inuwarta, aka sare ta da zalunci ba da wani hakki ba. Zamfara tana cikin jihohi 11 na Arewa da hamada ke yi wa barazana, waɗanda shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa. Ga masu gawayi sun tasa dazuzzuka gaba, mu ma kowane biki sai mun ƙone itace amalanke guda. Mu masu bashin itatuwa ne.

SHAWARWARI

Na ɗaya, uwar amarya ta yanke abin da za ta kashe tun kafin ta kira mai dikoreshon, kuma kada sisin bashi ya shiga ciki. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na biyu, a rage yawan zama. Kamu da sa lalle da wuni da walima, ba dole kowanne sai da sabon ado ba. Abu ɗaya ya isa a juya shi.

Na uku, duk abin da sau ɗaya ake amfani da shi a jefar, a bar shi: balan-balan, da koren soso, da ƙyalƙyalin da ake watsawa. Idan ba makawa sai an sa fulawar roba, to haya ta fi saye, domin wadda ta yi biki hamsin ta fi wadda ta yi ɗaya sauƙin ɓarna.

Na huɗu, a koma ga kwano da tire da kofi. 'Yan matan gida su wanke, kamar yadda aka saba. Abincin da ya rage a kai wa almajirai da 'yan gudun hijira tun bai lalace ba.

Na biyar, shara tana cikin hidimar biki. Yadda ake naɗa masu tuwo da masu tarbar baƙi, a naɗa masu tsince leda tun a daren, kafin a saki dabbobi da safe. A ware ta daga sharar da za ta tafi gona, kuma kada a ƙone ta a tsakar gida.

Na shida, ga shugabannin rassanmu da malaman Islamiyya: me zai hana kowane reshe ya tanadi kayan biki na taimakon juna? Tabarmi, da labule biyu uku masu kyau, da kwanoni, da tukwanen shuka masu rai da za a kai a dawo da su. A rubuta a littafi, a riƙa ba da aro, mai hali ta sa wani abu a asusun gyara, marainiya a ba ta kyauta.

Na san za a ce kayan aro ba ya rufe katara. To saurari wannan. Bukhari ya buɗe babi guda a kan aro domin amarya, ya kawo cewa Nana A'isha (RA) tana da wata riga a zamanin Annabi (SAW), wadda duk macen da za a yi wa kwalliyar aure a Madina sai an aiko an are ta. Riga ɗaya, amaren gari guda! A ƙarshen Suratul Ma'un kuma Allah Ya zargi masu hana taimako, Ibnu Mas'ud (RA) ya ce a zamanin Annabi (SAW) suna ɗaukar wannan a kan aron guga da tukunya. Aron da ke da muni shi ne na ƙarya, a nuna wa duniya arzikin da babu shi. Shi ne Annabi (SAW) ya kamanta mai yin sa da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya, a hadisin Asma'u 'yar Abubakar (RA).

Na bakwai, cikin gudummawar da muke kai wa amarya, a sa dashen itace: lalle, ko zogale, ko lemo, ko gwaiba. Reshen lalle da na zogale ana yanka a dasa su kama, ruwan alwala da na wanke hatsi ya ishe su. Nan da shekara biyu tana da ganyen miya da na ƙunshi, har ta sayar. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, to sadaka ce gare shi. Imamu Ahmad ma ya ruwaito umarnin cewa ko ƙiyama ce za ta tashi alhali da dashe a hannun mutum, idan zai iya ya dasa. Wannan ya isa amsa ga mai cewa wa ke ta itace a wannan hali da muke ciki. Amma a kula, kyauta ce kawai da neman lada, kada a mayar da ita wata sabuwar al'ada ta dole da za a riƙa zargin wadda ba ta yi ba.

Ku kuma 'yan'uwa masu sana'ar dikoreshon, ba a ce ku bar sana'arku ba. Basirar tana hannunku ne, ba a cikin roba take ba. Wadda ta iya haɗa faifai da saƙi da tukwanen shuka har wuri ya ƙayatar, ta rage kuɗin sayen kaya, ta kuma fito da abin da ba kowa ke da shi ba. Ku kwashe duk abin da kuka kawo, kada ku bar wa unguwa.

KAMMALAWA

'Yar'uwa, na san abin da ke tsaya miki a rai: me mutane za su ce? Za su ce, na kwana biyu, sannan su koma kan bikin gaba. Waɗanda kika ci bashi don ki burge ba za su taya ki biya ba, kuma ba su za su tsaya miki ba ranar da za a tambayi kowa dukiyarsa, ta ina ya samo ta, a ina ya kashe ta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a wannan ƙasa ta Zamfara, yana kiran mutane su bar al'adun da suka saɓa wa sunna, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Gyara ta hannun mata ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ya isa a samu gida uku masu faɗa a ji a Magami, ko Tsafe, ko Bungudu, su aurar da ɗiyansu cikin tsafta da sauƙi da mutunci, sauran za su samu ƙafar bi.

Allah Ya sanya albarka a auren 'ya'yanmu, Ya ba marayunmu mazaje na gari, Ya rufa wa iyaye asiri. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, Ya mayar da kowa gidansa da gonarsa. Allah Ya sa mu cikin masu gyara, Ya tsare mu daga zama masu ɓarna. Amin summa amin.